Sifika Shida da Hannun Ilu

Makon jiya wani saurayi ya shigo shagona riƙe da waya, ya ce yana so in koya masa aikin sauti kafin Sallah. Kafin Sallah fa. Ya ce ai ya ma iya rabi, akwai wani abu a wayarsa da ke haɗa komai da kansa, ni dai in nuna masa inda ake dannawa. Ban kore shi ba saboda ubansa maƙwabcina ne a unguwar Yelwa, nan Garuwa, amma raina ya ɓaci har abincin rana ya fita kaina. To shi da ire-irensa nake yi wa wannan bayani, su ji abin da sifika shida suka yi mini a gidan mahauta, ni Sale Mai Kaset da na yi furfura a cikin wayoyi.

A Marwa na koyi aiki, a unguwar Dugoi, wurin wani mai gyaran rediyo da ake kira Malam Buba. Na daɗe a hannunsa ban taɓa maɓalli ba. Aikina naɗe waya, goge kan rikoda da auduga, da hura wa ƙarfen dalma gawayi in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. In aka ɗauke mu biki, shi sai ya tsaya wurin ampili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ni ya tura ni can ƙarshen taro inda tsofaffin mata ke zama, ya ce in saurara in dawo in gaya masa abin da na ji. In na dawo na ce lafiya lau, sai ya murɗe mini kunne.

"Lafiya lau ba amsa ba ce," in ji shi. "Muryar ka ji ko gangar? Wacce ta danne wacce? Ni abin da ke fita daga akwati bai dame ni ba. Wanda ya isa kunnen tsohuwar can nake tambaya."

A lokacin ina ganin mugunta ce kawai irin ta masu gida. Sai da na girma na gane rabin sana'ar ke nan ya ba ni.

Da na dawo Garuwa na buɗe shago kusa da babbar kasuwa. Kayan aikina ba su da yawa. Rikoda biyu na kwafi, sukundireba, ƙarfen dalma, salatif, da biro na naɗe kaset in rikoda ta cinye shi. Daga baya na sayi wata rikoda mai layi huɗu a hannun wani makaɗin coci da zai koma kudu. Layi huɗu na nufin kana ɗaukar abu huɗu dabam-dabam a kan kaset ɗaya, murya a layinta, ganga a nata, daga baya ka haɗa su yadda kunnenka ya so. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masu zuwa shago kuwa, Allah dai ya ba ni ladan haƙuri. Direban bas ya zo ya ce in ƙara masa ƙarfi har fasinjan kujerar baya ya ji a hanjinsa. Dillalin shanu ya kawo kaset ɗin da ya wuni a rana a gaban mota, ya lanƙwashe kamar kilishi, ya ce in gyara yanzu yana sauri. Malami ya kawo wa'azinsa ya ce in cire tarin da ya yi, amma kada in kuskura in taɓa kalmar da tarin ya faɗo a kanta. Kowa da irin tasa rigimar, amma abu ɗaya duk suka yi ittifaƙi a kai: babban akwati shi ne mai kyan sauti, ƙarami kuwa na yara ne. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, ba wanda ya taɓa yarda.

Aikin da ya fi zama mini a rai shi ne kaset ɗin Ilu. Ilu mahauci ne, ɗan gidan mahautan da kakanninsu suka zo daga ƙasar Kano suka zauna a bakin kogin Binuwai. Da safe yana mayanka da wuƙa, da la'asar yana rungume da jita. Danginsa kalangu suka sani, jita a wurinsu kayan mashaya ce, don haka yayansa Alhaji Mamman, wanda shi ne babban gida, ya hana a kaɗa ta a zaure ko a ƙofar gida. Sai Ilu ya riƙa lallaɓawa can bayan gida, bakin murhu, inda matarsa Dudu ke girki, ya zauna a kan turmi yana gwaji a hankali.

Kuma bai kaɗa ta yadda 'yan kudu ke kaɗawa ba. Kamar garaya yake buga ta, babban yatsa na dukan tsirkiyar sama, sauran na tsinkar na ƙasa. Ya yanko guntun gwangwani, ya huda shi ya sa ƙananan zobba, ya ɗaura a kan jitar, duk bugun da ya yi sai zobban su amsa da zirr. Wanda ya ji sau ɗaya ba ya sake haɗa hannun Ilu da na wani.

A ɗakin bayan shagona muka ɗauka, a tsakiyar zafin bazara, kuma wanda ya san bazarar Garuwa ya san abin da nake nufi. Na rataya tabarmi da buhunan auduga a bango, na kashe fanka don kada kukanta ya shiga. Ilu ya ce shi ba ya iya kiɗa a rufaffen ɗaki, sai an buɗe taga. Muka yi ta ja, na gaji na buɗe, na ma sa wa tagar makirfo nata don in san yadda zan yi da ita daga baya. Layi na ɗaya jita. Na biyu muryar Ilu. Na uku ƙwaryar Jibo, wani Bafulatanin garin Tinyer da ke zaune a bayansa yana bugawa da zobban yatsu. Na huɗu taga da duk abin da Allah ya kawo a titi. Kuran ya yanke mana a tsakiyar waƙa ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin sai a koma farko, gumi har cikin ido.

Kaset ɗin ya tafi. Daga Kuseri har Ngaundere ba tashar da ba a ji shi ba. Amma kwafi ake yi daga kwafi, wani ya kwafa daga na wani, har jitar ta koma kamar sauro a cikin gwangwani. Asalin kaset mai layi huɗun nan kuwa yana wurina, ba wanda ya taɓa tambaya.

Sai muguwar shekara ta zo. Shekarar da kogi ya cika ya shigo gari, ruwa ya kai gwiwa a shagona. Kaset-kaset ɗin da ruwa bai taɓa ba, danshi ya taɓa su, suka yi fumfuna fari fat. Na yi ta zubarwa kwando-kwando. A shekarar ce kuma mutane suka koma sa waƙa a ɗan katin waya, ba mai neman kaset ko kyauta. Na Ilu kaɗai na tsira da shi, don tun da farko na sa shi a gwangwanin madara da shinkafa a ciki, na liƙe bakin da salatif na ɗora a saman kabad. Ba a rufa wata biyu ba aka zo aka ce mini Ilu ya faɗi a mayanka. Ya tashi, amma ɓarin damansa ya shanye. Hannun da ke riƙe wuƙa, hannun da ke dukan tsirkiya, ya koma yana lilo a gefensa, sai ya ɗauke shi da hagu ya ajiye a cinya. In wani ya kunna tsohon kwafin nan a gabansa don ya faranta masa, sai ya juya kai ya ce a kashe, wannan ba hannunsa ba ne. Jibo kuwa ya riga mu gidan gaskiya tun kafin nan.

Shekaru suka shige. Ni na koma ba da hayar kayan sauti a biki da gyaran ampili. Wata rana sai ga Yusufa, ɗan Ilu, wanda ya yi karatun aikin sauti a Yawunde yake aiki a Duwala. Ya sauka daga kilando, wato ɗan acaɓa, da jaka a baya, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata.

"Baba Sale, asalin kaset ɗin Baba yana nan?"

"Me za ka yi da shi?"

"Sauti mai kewaye zan mayar da shi. Bafil shida." Bafil ita ce sifika a bakinmu na nan. "Uku a gaba, biyu a baya, babba ɗaya a ƙasa. Mutum ya zauna a tsakiya ya ji kamar yana cikin ɗakin da kuka ɗauka. Matata ta kusa haihuwa. Ranar suna nake so Baba ya ji hannunsa yadda yake, ko sau ɗaya ne."

Na ce masa kunnen mutum biyu ne, me zai yi da akwati shida? Ya yi dariya ya ce ai ido ma biyu ne amma yana ganin gari duka. Ban ji daɗin amsar ba. Na hau kujera na sauko da gwangwanin.

A shagona muka yi aikin, don na ce kaset ɗin ba zai ƙetare ƙofa ba. Na goge tsohuwar rikoda, na canza mata bel, muka kwashe layi huɗun nan zuwa cikin kwamfutarsa. Daga nan rigima ta fara. Ya sa na'urarsa ta wanke sautin, ta cire shuu ɗin kaset. Ta cire kuwa, amma ta haɗa da zobban Ilu, don a wurinta duk abin da ke zirr datti ne. Jitar ta fito tas, sumul, kamar ta kowa. Na ce masa wannan jitar wani Bature ce, ba ta ubanka ba. Ya rufe ido ya saurara, ya ce gaskiya ne, shi ma da wannan zirr ɗin yake barci yana yaro. Ya mayar da zobban, muka haƙura da ɗan shuu.

Sai ya zo ya ƙara amsa-kuwwa. Ɗakin da na rufe da buhuna da hannuna ya koma kamar sito babu kaya, Ilu na kiɗa can nesa kamar a gindin rijiya. Na ce ya rage. Ya rage. Na ce ya ƙara ragewa. Ya ce Baba Sale ai yanzu babu ma. Na ce yauwa, haka nake so.

Rigima ta ƙarshe ita ce ban ci ba. A cikin sifikun gaba uku, ta tsakiya ƙarama ce, doguwa a kwance, ba ta fi tsawon kamu ɗaya da rabi ba. Yusufa ya ɗauki jitar gaba ɗayanta ya zuba a cikinta ita kaɗai. Muryar ya raba wa na dama da hagu. Ƙwaryar Jibo ya kai baya ta hannun dama, taga ta hannun hagu. Babban akwatin ƙasa kuwa ba abin da ke cikinsa sai gindin sauti, dum, dum, wanda ciki ke ji ba kunne ba. Na ce ya ɗan yayyafa jitar a sauran. Ya ce a'a, in tana wuri ɗaya ne take tsayawa da ƙafarta, kamar Baba na zaune gabanka.

"Yusufa," na ce, "wannan aikin na mutum ɗaya ne a kujera ɗaya. A Garuwa wa ka taɓa gani ya zauna shi kaɗai a tsakiya yana jin kiɗa?"

"Baba zai zauna. Zauna ka ji tukuna."

Na zauna ina ƙunƙuni. Ya kunna. To, ni ba na ƙarya a kan sauti ko da maƙiyina ne ya haɗa. Abin ya yi kyau. Jitar na gabana daidai inda Ilu ya zauna, har ina jin yatsa na zamewa a kan tsirkiya kafin ya tsinka. Jibo na bayana, ina jin zoben yatsansa dabam da tafin hannunsa. Wani tsohon babur ya wuce ta hagu, har na waiga. Gindin sautin bai yi yawa ba, bai danne kowa ba. Tsikar jikina ta tashi, kuma na ji haushin tashinta. Na ce masa ba laifi, ya gane abin da nake nufi.

Matarsa ta sauka lafiya, namiji, ɗan fari. A nan ne al'ada ta shigo ta ɓata mana lissafi. Uban ɗan fari ba ya zama a gida ranar suna, kunya ce. Da aka yi addu'a da safe Yusufa ya sulale gidan abokinsa can wata unguwa, ya bar mini komai. Kafin ya tafi sai da muka jera sifikun tare a babban zaure, kowacce a wurinta, muka sa wa Ilu kujera a tsakiya, muka gwada, komai daidai. Aka shirya bayan azahar za a kunna, in manyan baƙi sun hallara. Alhaji Mamman da kansa ya yarda. Tsufa ya sassauta shi, kuma tun da ƙanensa ya faɗi yake neman hanyar da zai wanke abin da ya wuce.

Na tafi masallaci, na tsaya na ci shinkafar suna a maƙwabta. Da na dawo na tarar da zaure wayam. Kujerar Ilu na nan, shi ma yana kai, sanye da farar riga, hannunsa a cinya. Babban akwatin kaɗai ya rage, an jawo shi dab da ƙafarsa, an lulluɓe shi da sabuwar darduma. Sauran biyar babu su. Sai wayoyi da aka ƙara wa tsawo da nawa naɗin, an murɗa da hannu an liƙe da leda, kowacce ta bi tata hanyar.

Na samu Alhaji a ƙofa yana karɓar baƙi. Na ce, "Alhaji, ina bafil ɗin?"

"An raba."

"An raba kamar yaya?"

"Haba Sale, kai ma da hankalinka. Bafil shida a ɗaki ɗaya, ga mutane cike a waje, ga mata a ciki ba su da ko ɗaya? Me za a ce da gidanmu?"

Ya shiga nuna mini da sanda, yana jin daɗin kansa. Biyu na gaba ya kai rumfar maza a ƙofar gida. Ɗaya ta baya ya kai wa dillalan shanu da ke gindin darbejiya, don baƙi ne daga nesa. Ɗayar ya ba samari a bakin titi. Ƙaramar nan doguwa kuwa ya aika wa mata masu girki a bayan gida, ya ce su ai ba sa son ƙara.

"Alhaji, ba nama ba ne wannan. Kowacce abin da ke cikinta dabam."

"To ai nama ma kowane yanki dabam ne, kuma haka ake rabawa." Sai ya rage murya. "Babbar kuwa ta Ilu ce. Shekara da shekaru na hana shi. Yau a gabana, a zauren ubanmu, shi zai ɗauki babban kaso."

Me za ka ce wa mutumin da ya yi maka ɓarna da zuciya ɗaya? Na buɗe baki in ce a ba ni ɗan lokaci in mayar, sai wani daga cikin 'ya'yan gidan, wanda ya ga inda Yusufa ya danna da safe, ya ga manyan baƙi sun zauna, ya miƙa yatsa ya danna. Ai abu ne mai sauƙi, ko ba haka kuka ce ba?

Ban taɓa jin taro ya rikice irin na ranar ba. A rumfar maza muryar Ilu ce tsirara, ya yi baiti ya yi shiru, ya sake yin baiti, kamar mai magana shi kaɗai a hanya. Dattawa suka dubi juna. Gindin darbejiya dillalai na zaune gaban ƙwarya zalla, ƙwas, ƙwas, ba waƙa ba kiɗa, wani ya ce ko turmi ake dakawa. Samari kuwa taga suka samu. Babur ɗin da ya wuce ƙofar shagona tun ba a haife su ba ya taso musu, suka watse daga bakin titi suna neman ta ina zai ɓullo. Akuya ta yi kuka a cikin akwatin, akuyoyin unguwa suka amsa.

Ni duk wannan bai dame ni ba. Zaure na ruga.

Ilu ya sunkuya wajen babban akwatin, ya karkata kunnensa mai lafiya. Dardumar na rawa. Dum. Dum. Ba komai sai wannan. Ya jira, don ya san waƙar, ya san daidai inda jita ke shigowa. Wurin ya zo ya wuce. Ya ɗago ya dube ni.

"Sale, ina jitar?"

"Tana nan, Malam Ilu, wayoyi ne aka..."

"Ina jin muryata a waje. Ina jin Jibo, Allah ya jiƙansa." Ya dubi hannun da ke cinyarsa. "Ina hannuna? A nan ma ya shanye?"

Alhaji Mamman na tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa ta zube. Na yi shekaru ina ɓoye kaset ɗin nan daga ruwa da ɓera don wannan rana, ga abin da aka miƙa wa mutumin.

Na bi wayar ƙaramar sifikar da hannu har ƙofar cikin gida. Nan na tsaya, don ba a faɗa wa mata haka nan. Na yi sallama da ƙarfi, na ce a gaya wa Inna Dudu ina son bafil ɗin nan yanzu-yanzu. Daga inda nake ina jiyo jitar can ƙasa-ƙasa. Sai ga muryarta ta bayan labule.

"Malam Sale, wanda ya kawo mana ita cewa ya yi kasonmu ce."

"Kuskure ne, Inna. Ta zaure ce."

"Ba a karɓe kaso in an bayar. Kuma zauren nan yaushe ya taɓa son ta? A nan aka saba jin ta. Mai so ya zo."

Na tsaya riƙe da waya kamar wawa. Ban san Ilu ya ji ba sai da na ji ƙarar sandarsa a bayana. Ya miƙe da kansa, yana jan ƙafa. Alhaji ya ce, "Ilu, baƙi fa?" Bai ko waiga ba. Ya ture labulen da kafaɗa ya shige, ya ce in biyo shi da kujera. Matan suka ja mayafi suka ba mu hanya.

A bayan gida, bakin murhu, an ɗora ƙaramar sifikar a kan turmi da aka kifa. Tukwane na tafasa ba mai juyawa. Mata sun tsaya, wata da muciya a hannu, wata da tire. Kuma ga jitar Ilu ita kaɗai, ba murya, ba ƙwarya, ba taga. Ni da na ɗauke ta ban taɓa jin ta haka a fili ba. Babban yatsa na duka, ƙananan na tsinka, zobba na amsawa zirr, daidai yadda Dudu ta riƙa jin ta tana amarya tana tuƙa tuwo.

Na ajiye kujera, bai zauna a kai ba. Ya sa aka taimaka masa ya zauna a ƙasa gaban turmin. Ya saurara har baitin ya juya. Sannan ya sa hagu ya ɗauko hannun damansa daga cinya, ya ɗora shi a kan sifikar. Akwatin na rawa da kiɗan, yatsun nan da suka yi shekaru a kwance suka shiga karkarwa a kai.

"Dudu," ya ce. "Duba. Yana motsi."

"Na gani, Malam," in ji ta, ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙi ne.

Ni na san rawar akwati ce. Aikina ne in sani. Na ja bakina na yi shiru.

Ana haka aka aiko daga waje wai mutanen rumfa sun ce a ƙara ƙarfi, dillalai kuma suna tambaya ko bafil ɗinsu ta lalace ne. Na ce a gaya musu su sha kunu. Waƙar ta ƙare, Ilu bai ɗauke hannu ba. Ya ce, "Sale, mayar da shi farko." Na fita na tsallake wayoyin Alhaji na mayar. Na yi ta mayarwa har la'asar sakaliya.

Washegari Yusufa ya zo shago tun kafin in gama buɗe ƙofa, yana tambaya ko Baba ya ji kewayen, ko ya ji Jibo a bayansa, ko gindin sautin ya yi daidai. Na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya dafe kai, ya ce duk wahalar da muka sha. Ya ce bari ya je ya sake jera su a zaure ya zaunar da Baba yadda ya kamata. Na ce ya je ya gwada. Ya je, ya dawo ba da daɗewa ba, ya zauna a benci ya ce Baba da Inna sun hana a taɓa ta kan turmin. Sai ya tambaye ni ko ina da waya doguwa mai kyau, wadda hayaƙi ba zai ci ba. Na yanka masa, na bi shi muka ja ta ta kan katanga daga na'urar da ke zaure har bakin murhu, na yi mata dalma da hannuna.

To kai mai son koyo kafin Sallah, maɓallin na nan, ba wanda ya ɓoye shi. Amma in ka zo, naɗin waya za ka fara, sannan in tura ka can ƙarshen taro ka gano mini wa ke zaune ina, kuma wa ke rabon nama a gidan. Yusufa ya koma Duwala da sifika biyar. Ta shidan tana kan turmi a bakin murhun Inna Dudu, ta yi baƙi da hayaƙi, kuma har yau ba wanda ya isa ya je ya ɗauko ta.